Sifanar Maigatari

Ni maƙeri ne, sunana Ubale, mutumin Gagarawa, kuma har yau in na tuna abin da ya sami maƙwabcina Sajo sai raina ya ɓaci.

A shekarun da gyaɗa ta fara daraja, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, Sajo ya sayar da sansa tilo ya sayo injin ɓarar gyaɗa na Ingilishi, irin wanda ake juyawa da hannu. Gari ya yi ta yi masa dariya. Ni ban yi ba, don na san dalili. Matarsa Zinariya tana fama da ciwon gaɓɓai, yatsunta sun kumbura sun karkace. In ta wuni tana ɓara, washegari ko ludayi ba ta iya riƙewa.

Kaka uku injin yana aiki, Zinariya tana hutawa. A ta huɗu tsakuwa ta maƙale a cikinsa, ya cije. Sai an buɗe shi, kuma noti ɗaya ne ya riƙe murfin, can cikin rami inda awartakina ba ya kaiwa.

Na ce, "Sajo, bari in danna yumɓu in ɗauki awon notin. Kwana biyu na ƙera maka abin da zai kama shi."

Ya ce, "Haba Ubale, ƙarfenku na fartanya ne. Ni abin da jikana zai gada nake so."

Mutumin da sau ɗaya a shekara yake buƙatar abu, wai na gado yake nema! Na koma maƙerata.

Ranar Alhamis ya hau jaki sai kasuwar Maigatari. A can ya tarar da abin kwance noti iri biyu. Akwai wata siririyar sifana ta Kano, akwai kuma wata ƙirar Faransa cikin akwatin katako a wurin wani Badamagare: hannun sifana ɗaya mai ƙaras-ƙaras in an juya shi, da bakuna shida da ake sauya masa. Sajo ya gwada su kamar yadda ake gwada fartanya, ya ƙwanƙwasa da dutse ya kasa kunne. Ta Kano ta yi ƙara kamar gwangwani, ta Damagaram ta yi amo mai daɗi. Ya ba da akuyoyinsa biyu ya rungumo akwatin. Awon notin kuwa bai ma tuna da shi ba.

Da ya dawo muka taru a ƙofar gidansa. Baki na huɗu ya ƙi shiga. Na biyar ya shiga, amma yana rawa, ya fi notin faɗi da kamar ƙwayar gero. Sai daga baya wani direba a Gumel ya gaya mini cewa awon Faransa daban, na Ingilishi daban. A ranar ba wanda ya san haka a cikinmu. Ni dai hannuna ya gaya mini ba lafiya.

Na ce, "Kada ka matsa, Sajo. Don Allah ka bar shi."

Ya ce, "Ai ƙarfe ne na gaske."

Ƙarfe ne na gaske kam. Ya danna da dukan ƙarfinsa, bakin ya zame, ya sake, ya zame. Kafin ya haƙura, ƙarfen Faransa ya cinye kusurwoyin notin sarai, ya zama mulmulalle. Ko yumɓuna ba shi da sauran abin da zai auna.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Washegari na zo da guduma don in sare notin. Bugu na uku murfin ya tsage gida biyu, har cikin injin. Sajo bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Babu sa, babu akuya, babu abin da zai sake sayarwa.

Kaka biyar ke nan. Kaji ke kwana a kan injin. Akwatin yana nan, ko ɗigon tsatsa babu a jikin bakunan.

Kwanan baya na shiga gidan in karɓi garwashi, na iske Zinariya a tsakar gida da tulin gyaɗa a gabanta. Yatsun sun daina lanƙwasuwa gaba ɗaya. Ta matse hannun sifanar tsakanin tafukanta biyu, tana ɗagawa tana bugun gyaɗa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Sannu, Malam Ubale. Maigida bai yi ƙarya ba, ƙarfen nan zai riga ni ganin jikokinmu."