Taragun da Firdausi Ta Wanke

Firdausi ba ta iya ganin datti ta wuce. Wannan hali ne ya ja mata a wata na biyu da zuwanta Guangzhou ta ƙasar Sin, wajen yayanta Babayo, wanda ya ce in ta ƙara yi masa ɓarna ɗaya Kano za ta koma, koyon kasuwanci ya ƙare.

Babayo mai sayar da takalma ne a kasuwar Zhanxi Lu, amma kwanan nan ya samu wani Bature a Kanada mai sayar da ƙananan taragun jirgin ƙasa, kwaikwayon masu dakon kwal a Amurka, waɗanda dattawa da gemunsu ke jerawa a ɗaki suna kallo. Samfurin taragun da Babayo ya sa a ƙera wa Baturen ya iso gidansu na unguwar Dengfeng da safe, Babayo ya baza su a tebur ya fita. Firdausi ta gan su duƙun-duƙun, ga baƙi ga tsatsa, ta tsine wa masana'antar da ke aiko kaya haka, ta ɗauko omo da buroshin haƙori. Kafin azahar suna ƙyalli.

Da Babayo ya dawo, zama ya yi daɓas. Ashe dattin nan shi ne sana'ar. Baturen so yake su yi kamar sun shekara ashirin suna dakon kwal, kuma da la'asar zai duba ta bidiyo. Ya kira tsohon ma'aikacin masana'antar da ya shafa musu garin launin dattin, tsoho ya ce meyo, wato babu da Sinanci, ba shi da lokaci sai wani mako.

"Haɗa kayanki," in ji Babayo, bai ko kalle ta ba.

Ta shiga ɗaki da kuka, ta jawo jaka, sai ga akwatin kwalliyarta, don a Kano amare take yi wa. Ta daɗe tana kallonsa. Ta fito ta roƙi Babayo hotunan taragun na gaske, ta sauka wajen mai tsiren ƙasan bene ta karɓo gawayi. Ta daka shi, ta gauraya da kwalli, ta bi kowane lungu da buroshin gira. Hoda mai ruwan ƙasa ta zama tsatsa, tana gangarowa daga bakin tarago yadda ruwan sama zai ja ta. Wadda ta saba ɓoye tabo, yau ita ce ke ƙirƙirarsa, kuma abin haushi, daɗi take ji.

La'asar ta yi, Baturen ya sa a matso da waya. Ya bi taragun da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce bai taɓa ganin tsatsa mai rai haka ba, sauran kayan ma hannun nan yake so. Wace masana'anta ce?

Babayo ya yi gyaran murya, ya juya wayar wajen Firdausi, gawayi har goshinta.

"Ga lawban ɗin," ya ce, wato mai masana'anta da Sinanci. "Da ita za ka yi magana."