Fitilun da Suka Ratsa Ta Kan Gidan Ƙande

Zulai tana tallafe da kan Inna Ƙande, tana lallaɓa ta ta kurɓi kunun tsamiya, sai hayaniya ta tashi daga bakin masallaci. Ba ihun gobara ba ne, ba na ɓarawo ba. Salati ake yi da ƙarfi, wasu na kiran yara su shiga gida.

"Me kuma ya faru?" in ji tsohuwar, numfashinta na fita da ƙyar.

"Bari in leƙa, Inna."

Dangar kara ce kawai tsakanin gidan Zulai da na Ƙande. Mijin tsohuwar ya daɗe da rasuwa. Ɗanta tilo, Idrisa, ya tafi Aljeriya ci-rani shekarun baya, tun ana samun saƙonsa har aka daina. Jikanta Mahmud kuwa yana karatun sakandare a lise a Damagaram. Saboda haka da zazzaɓi ya kwantar da ita, ya sauko mata ƙirji, Zulai ce a kanta. Tun la'asar ta roƙi mijinta Habu ya ɗaura wa sansa amalanke, in an idar da magariba su kai ta gidan likita a Yekuwa da sanyin yamma. Ya ce to.

Da Zulai ta fito tsakar gida ta ɗaga kai, ludayin hannunta ya faɗi.

Fitilu ne farare a jere, kamar an miƙar da carbi a sararin sama. Sun taso daga yamma, suna tafiya a natse, wannan na bin wannan. Zulai ta san jirgin sama, yana da ƙugi da jar wuta mai ƙyaftawa. Ta san tauraro in ya faɗo, kafin ka nuna shi ya ɓace. Waɗannan ba ƙara, ba ƙyaftawa, ba sauri. Da na gaba ya kai tsakiyar sama sai ya dushe ya mutu, na bayansa ya zo daidai wurin shi ma ya mutu, kamar akwai wata ƙofa da suke shiga.

"Zulai! Fito da ni in gani."

"Inna, akwai iska."

"Na ce ki fito da ni."

Ta ciccibo ta zuwa bakin ƙofa, ba ta fi nauyin damin kara ba. Ƙande ta ƙura wa na ƙarshen ido, bakinta na motsi. Can sai ta yi murmushi.

"Motoci ne," ta ce. "Ayarin arewa ne ya dawo. Kin ga ta bayan nan? Idrisa yana ciki. Tun yana yaro shi ne na ƙarshe a komai. Share masa ɗaki, 'yar nan, ki jiƙa gero."

"To, Inna."

Zulai ta mai da ita gado, ta zagaya gidansu. Ta tarar Habu ya kwance san, yana ɗaure shi a turke.

"Malam, ya haka? Ba tafiya za mu yi ba?"

"Ba ki ga abin da ya wuce ba?"

"Na gani. Mene ne?"

"Wa ya sani? A masallaci wani ya ce jiragen nan ne marasa matuƙi, masu neman 'yan bindiga. Wani ya ce daga Najeriya aka turo su, wani ya ce ai daga yamma suka fito. Tsofaffi na cewa mutanen ɓoye ne ke ƙaura. Liman ya ce kowa ya zauna gida ya yi addu'a." Ya ja igiyar ya ƙulle. "In jirage ne fa? Mu uku a daji, da amalanke, da tocila. Daga sama me za su ɗauke mu?"

"Numfashinta ya fara sarƙewa, Malam."

"Da asuba, in Allah ya kai mu."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga yana sake ƙulla igiyar da ya riga ya ƙulle. Habu ne da ke shiga rijiya in guga ya tsinke, ba ta taɓa ganin sa a tsorace haka ba. Ita ma da ta tuna hanyar Yekuwa, fili fetal ba wurin fakewa, sai ta haƙura da tafiyar. Ta koma wurin tsohuwar.

Ana idar da sallar asuba suka shimfiɗa tabarma a amalanke suka ɗora ta. Gari ya fara haske, sama ba komai sai abin da aka saba gani. Zulai ta aza kan Ƙande a cinyarta. Sun wuce gonakin wake, sun kusa rijiyar makiyaya, sai tsohuwar ta buɗe ido.

"Sun sauka?"

Zulai ta rasa su wa take nufi, motocin ko fitilun, ko wasu dabam da ita kaɗai ke gani.

"Sun sauka, Inna."

"Alhamdu lillahi."

Zulai ba ta san lokacin da abin ya faru ba. Ta dai lura girgizar amalanke ce kaɗai ke motsa ƙirjin. Ta kira ta, ta sake kira. Habu ya tsai da san, ya zo ya duba, ya yi salati, ya ja mayafin ya rufe fuskar. Suna hango rufin kwanon gidan likita daga nesa. Ya juya akalar san suka komo.

Kafin a dawo daga maƙabarta labari ya riga ya yi reshe. Mata a wurin makoki suna cewa fitilun don Ƙande suka zo. Wata da ta taho daga Mallawa ta ce su ma sun gani, kuma daidai nan ƙauyen suka nufo. Wata ta ce an ga ɗaya ya sauko kan ɗakin marigayiyar.

"Ke kina wurin, Zulai. Ya sauko ko bai sauko ba?"

"Ni dai na ga sun mutu a sama."

"To ai shi ke nan! Baiwar Allah ce, mu ne ba mu sani ba."

Ƙanden da Zulai ta sani tana salla, tana kuma zagin awakin mutane har kakanninsu.

Washegari Mahmud ya iso a bayan babur, idonsa jajir. Da mutane suka ragu ya zauna a zaure shi da Zulai, Habu na gefe yana gyaran igiya. Ta ba shi labarin fitilun. Ya ciro wayarsa ya nuna mata. Ga su nan a hoto a jere, sak irin na shekaranjiya.

"A Damagaram ma an gani, Inna Zulai. Taurarin ɗan'adam ne. Injuna ne da ake harbawa sama don intanet. Da yawa ake sakin su tare, shi ya sa suke jeruwa kafin su watsu."

"Wa ke kunna musu wutar?"

"Ba wuta ba ce. Rana ce ke haska su. Mu nan ta faɗi, su can sama tana nan."

"Rana bayan magariba?" Ta dube shi. "To me ya kashe su?"

"Inuwar duniya suka shiga."

Ta juya maganar a ranta, ta ƙi zama. "Akwai mutane a ciki?"

"Babu kowa."

"Suna harbi?"

"A'a. Wucewa kawai suke yi."

Habu ya aje igiyar, ya tashi ya fita, bai ɗauki takalminsa ba.

Mahmud ya bi shi da kallo, bai gane ba. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ita ta gan su?"

"Ta gani. Ta ce motoci ne, babanka na cikin ta ƙarshe."

Yaron ya daɗe yana kallon wayar har haskenta ya ɗauke. Wata tsohuwa ta shigo gaisuwa, ta dafa kansa ta ce ya gode Allah, kakarsa da rakiyar haske ta tafi. Zulai ta zuba masa ido, tana jira ya sake bayanin injunan.

"Allah ya sa haka ne, Iya," ya ce.

Da yamma Zulai ta kai wa Habu tuwo a bayan gida.

"Malam, da mun tafi a daren nan…"

"Kwananta ne ya ƙare."

"Haka ne."

Bai buɗe kwanon ba, ita ma ba ta ce ya ci ba. Ta tsaya kaɗan, ta rasa wa za ta ji wa haushi, shi, ko kanta, ko waɗanda suka saki abinsu a sama ba su gaya wa kowa ba.

Ta ratsa ta dangar zuwa gidan Ƙande don ta kwashe tabarmin makoki. A bakin ɗakin da aka rufe, kajin tsohuwar sun taru, suna miƙa wuya suna kallon ƙyauren. A ƙarƙashin gadonta suka saba kwana. Zulai ta tura ƙofar, ta matsa gefe, suka shige ɗaya bayan ɗaya.