An Ɗauka, Ba a Yi Magana Ba

Shekara ashirin da shida Uwar Takardu ta yi a teburi ɗaya, a ofishin rajista na kotun iyali, bayanta jingine da durowoyin ƙarfe da suka daina rufuwa don cika. Lauyoyi ne suka laƙaba mata sunan, saboda fayil ya kan ɓace wa kowa, amma ita in ta lumshe ido ta ɗan yi shiru, sai ta miƙa hannu ta zaro shi daga ƙasan tari. Ta san warin tsohuwar takarda kamar yadda ta san na ɗakinta.

Abin da ya fi ci mata rai a aikin shi ne jira. Ta tagar da ake miƙo takardu tana hango dogon bencin baranda, kullum cike da mutane. Akwai matar da ta shigar da ƙara da ciki, ba a saurare ta ba sai da yaron ya fara tafiya. Akwai dattijon da ya rasu yana jiran a ba shi izinin ganin jikokinsa. Mafi yawan jinkirin kuwa daga sammaci yake. Mutum ɗaya ke rabawa duk faɗin gari, Baba Masinja, a kan wani babur da ya girmi wasu lauyoyin. Takarda kan yi wata huɗu a jakarsa, ta dawo an rubuta a bayanta cewa ba a sami gidan ba.

Da aka turo sabon rajistara, matashi mai saurin tafiya da saurin magana, ya tara ma'aikata ya ce kowa ya kawo shawarar da za ta rage cunkoso. Uwar Takardu ce ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, yau waye ba shi da waya? Mai ƙara ya rubuta mana lambar wanda yake ƙara, mu kira mu karanta masa sammaci. Aikin wata huɗu ya koma minti biyu."

Aka tafa mata. Cikin mako shida aka mayar da shawarar ƙa'ida: a kira sau uku a ranaku uku, in an ɗauka an karanta sanarwa, to an isar da sammaci. Aka sallami Baba Masinja da agogon bango da jawabin godiya. Aka kafa farin allo a baranda ana rubuta yawan shari'un da aka kammala kowane mako, lambar kuma sai hawa take yi. Bencin ya fara samun wurin zama. Ita kuma aka ba ta takardar yabo a cikin gilashi, ta kai gida ta rataye a falo.

"To, madalla," in ji maigidanta, tsohon malamin makaranta mai son tsokana. "Yanzu in ina son shayi sai na kira ki sau uku a ranaku uku?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. A zuciyarta tana jin cewa ko yau ta bar aiki, ta yi wa mutane wani abu.

Kiran kansa ita aka ɗora wa. Kullum lamba hamsin, sittin, tana karanta magana ɗaya har muryarta ta dushe. Wasu su zage ta, wasu su yi kuka, wasu su ce ba su san mai sunan ba. Wata Laraba ta kira wata lamba a ƙarar da wani direban babbar mota ya shigar, yana neman a karɓi 'yarsa mai shekara huɗu daga hannun tsohuwar matarsa. Aka ɗauka. Ta yi sallama, ba a amsa ba. Tana jin wani huci yana tashi yana sauka, da muryar rediyo can nesa.

"Baiwar Allah, kina ji na?"

Shiru. Ta duba jerin da ya rage mata, lamba goma sha tara, ga azahar ta gota. Ta karanta sanarwar daga farko har ƙarshe, da rana da lokaci da lambar ɗaki. A gefen rajista ta rubuta: an ɗauka, ba a yi magana ba. Alhamis haka, Juma'a haka. Ta ce a ranta, taurin kai ne, ta sha ganin irinsu. Ta sa hannu a kan cewa an isar.

Ba ta sake tunawa da maganar ba sai bayan wata biyu da rabi, wata safiyar Litinin, da mata biyu suka tsaya a tagarta. Ɗaya tsohuwa ce 'yar ƙarama, tana numfashi da ƙyar saboda hawan matakala. Ɗayar ba za ta wuce shekara ashirin da takwas ba, idanunta sun kumbura, a bayan hannunta akwai tabon ƙuna birjik, sabo a kan tsoho. Tsohuwar ta turo wata takarda da ta sha lanƙwasa.

"'Yata, karanta min wannan. 'Yan sanda suka kawo ta ranar Asabar, suka ɗauke mana yarinya tana cin abinci. Wai alƙali ne ya ce. Wane alƙali? Mu ba mu taɓa taka nan ba."

Uwar Takardu ta ɗauko fayil. Hukunci ne da aka yanke a bayan idon wadda ake ƙara, an yi shi cikin minti bakwai. Ta gyara gilashinta ta yi magana da muryar da take yi wa kowa.

"Gwaggo, an kira ta sau uku, ta ɗauka, na karanta mata da bakina. Ga sa hannuna."

"Kin karanta wa wa?"

"Ita." Ta dubi matashiyar. "Ke, ba ke ce mai wannan lambar ba?"

Matashiyar ba ta amsa ba. Leɓunan Uwar Takardu take kallo, da dukan ƙarfinta, kamar mai leƙen rijiya.

"Kurma ce," in ji tsohuwar. "Tun tana shekara uku zazzaɓi ya tafi da kunnen, ya tafi da bakin. 'Yar ƙanena ce, ni na raine ta. Guga take yi a shagon wanki. In waya ta yi rawa a aljihunta sai ta danna ta miƙa wa na kusa, in ba kowa ta ajiye a kan teburi ta ci gaba da aiki. Shi da ya ba ku lambar ai ya sani. Shekara biyar ya zauna da ita, wace rana ya taɓa kiranta a waya?"

Uwar Takardu ta tuna kiran nan na ranar Laraba. Hucin da ta ji, tururin dutsen guga ne. Ta juya shafi ta ƙirga kwanaki da yatsa. Kwana talatin doka ta bayar na ɗaukaka ƙara. Direban bai kai wa 'yan sanda takardar ba sai da kwana talatin da uku suka cika.

Gwaggo ta juya tana yi wa 'yar ɗan'uwanta bayani da hannu, ta nuna waya, ta nuna kunne, ta nuna Uwar Takardu. Mai gugar ta tsaya ƙiƙam. Sai wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, ba kuka ba, ba magana ba, wanda ya sa duk mutanen benci suka miƙe.

Ranar nan Uwar Takardu ba ta kira kowa ba. Ta jira alƙali ya tashi daga zama ta bi shi ofis. Mutum ne mai kirki, sun yi shekara goma tare, ta halarci auren 'ya'yansa biyu. Ya saurare ta har ƙarshe, ya cire gilashi ya murza ido.

"Innalillahi. Na tuna fayil ɗin. Shari'a ta ashirin da ɗaya ce a ranar. Na ga sa hannunki, ban ƙara duba komai ba."

"Ranka ya daɗe, a warware hukuncin. Laifina ne."

"Ba zan iya warwarewa da baki ba, kin fi ni sani. Ta shigar da buƙata, a sanar da direban, ya zo, a saurare su. Kuma da me zan saurare ta? Tafintan kurame ɗaya muke da shi a da, an sallame shi tun bara, an ce aikinsa bai kai a ajiye mutum ba."

"Gwaggonta tana gane ta."

"Dangi ba ya tafinta. Lauyansa zai rusa komai a zama ɗaya."

Ita ta cike musu takardar buƙata da hannunta. Ta kira lambar direban, a kashe. Washegari a kashe. Ta kira har sau ashirin da wani abu cikin mako biyu. Ƙa'idar da ta kawo ta ce sai an ɗauka, kuma babu sauran masinja da za a aika. Ranar Asabar ta ɗauki takardar a jaka ta hau mota zuwa adireshin da ya bayar, wani garejin manyan motoci a bayan gari, ƙasa baƙa ƙirin da mai. Wani makanike ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu.

"Hajiya, ai ya bar nan. Ya sami aiki a ƙetaren iyaka, ya kwashe iyalinsa. Har da wata 'yar yarinya, tana ta kuka a gaban mota."

"Wane gari?"

"Direba yana da gari? Yau nan, gobe can."

Da ta koma aiki ta rubuta bayani shafi biyu, cewa ta sa hannu a kan isar da sammaci alhali ba ta ji muryar kowa ba. Rajistara ya karanta a tsaye, ya rufe ƙofa.

"Anti, kin san abin da kika rubuta? Shari'a dubu biyu da wani abu muka kammala da wannan tsarin. In takardar nan ta fita, kowane lauya zai zo ya ce nasa ma bai ji ba. Mu koma inda muka fito, har mu wuce. Saura shekara biyu ki yi ritaya lafiya."

"A shigar da ita, ranka ya daɗe."

Ya shigar. Aka kafa kwamiti, ya zauna sau biyu, ya fitar da gyara layi ɗaya: daga yanzu sai wanda aka kira ya faɗi sunansa da bakinsa. Game da hukunce-hukuncen baya, kwamiti bai ga dalilin taɓa su ba. Ita ko takardar gargaɗi ba a ba ta ba. Da an hukunta ta, da ta fi samun sauƙi.

Sai ta ɗauko rajistocin kira guda shida ta bi su shafi shafi, a lokacin cin abincin rana, kwana tara. Wurare arba'in da uku ta samu da rubutunta a gefe, magana ɗaya: an ɗauka, ba a yi magana ba. Ba ta san su waye ba. Wataƙila yaro ne ya danna, wataƙila mara lafiya ce, wataƙila wadda mijin ke tsaye a kanta. Duka an yanke hukunci, duka kwana talatin sun wuce. Ta kai wa alƙali jerin. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ce ta bar masa. Bai sake ɗauko maganar ba, ita ma ba ta tambaya ba.

A gida maigidanta ya daina tsokana. Ya kan zauna kusa da ita ya ce, "Ba ke kika ɗauke yarinyar nan ba. Shi ya shirya makircinsa." Ta kan ce, "Na sani, Malam."

Mai gugar kuwa kowace Litinin sai ta zo. Ta zauna a ƙarshen benci, inda take hango tagar, daga buɗewa har tashi. In idonsu ya haɗu ta ɗaga gira tana tambaya, Uwar Takardu ta girgiza kai. Ba ta taɓa nuna fushi ba. Wata rana ma ta lura gefen mayafin Uwar Takardu ya yamutse, ta nuna da hannu cewa ta kawo mata ta goge. Buƙatarsu tana nan a durowa ta uku, an ɗage ta har sai an sami wanda ake ƙara. Haka aka yi wata bakwai.

Sai Litinin biyu suka wuce ba ta zo ba. A ta uku, da aka tashi aiki da la'asar, Uwar Takardu ta nemi gidan. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani bene, kusa da famfon da 'yan haya ke layi. Gwaggo na zaune a bakin ƙofa kan kujerar roba, ta rame har wuyanta ya fito.

"'Yata, ke ce? Shigo mana."

"Gwaggo, ina take?"

"Ta tafi. Yau kwana goma sha bakwai. Ta ɗauki hoton yarinyar da zane biyu. An ce an gan ta a tashar manyan motoci tana nuna wa direbobi hoton, wani ya ɗauke ta zuwa wajen iyaka."

"Ita kaɗai? Wa zai yi mata magana a can? Wa zai gane abin da take nufi?"

"Shi na ce mata. Ta nuna min cewa nan ɗin ma ba a gane ba." Tsohuwar ta gyara zama, ta dafa gwiwa. "Ban hana ta ba. Da ƙafata na da ƙarfi da tare muka tafi."

Uwar Takardu ta buɗe baki za ta ce za ta ci gaba da bin maganar, za ta rubuta wa na sama, za ta yi wani abu. Ta rasa wanne ne ba ƙarya ba. Gwaggo ta dube ta, ta ja wata kujera da ƙafa ta turo mata.

"Zauna ki huta, kin sha hanya. Sai dai ba ni da abin ba ki, rabon da in kunna wuta tun shekaranjiya. Girkin mutum ɗaya ba ya min daɗi."