Katin Ta'aziyyar Mai Rai

Ku yi mini afuwa, karatu na sani, ban taɓa rubuta labari ba. Wannan ɗin ne ya hana ni yin shiru.

Nubia ce ke rubuta sunaye a katunan ta'aziyya a shagon goggonta Ofelia, daura da cocin garinsu, kan hanyar Medellín. Sufragio ake ce wa katin: baƙin gefe, gicciye a tsakiya, da alkawarin yi wa mamaci addu'a. Tun da masu hodar ibilis suka kama garin, babu abin da ke tafiya a shagon kamarsa.

Ranar Talata da hantsi wani mutum ya jingine babur a ƙofa, ya shigo ya zaɓi kati. Ya tsokani Goggo cewa ita kaɗai ke ƙiba a garin nan, ta ce ai ƙibar ta gado ce, ya yi dariya. Sannan ya sunkuyo kan teburin Nubia.

"'Yan mata, rubuta da kyau. Evelio Cardona."

Alƙalamin ya tsaya. Evelio malaminta ne, shi ke ara mata littattafai. Shi ya rubuta labarin ɗan sandan da ya bi sawun hodar har gidan magajin gari, yanzu kuma Evelio yana takarar kujerar magajin garin da kansa. Jiya-jiya ta gan shi yana shan kofi a bakin kasuwa.

Da ƙyar ta tambaya yaushe ya rasu, kuma matarsa za a kai wa?

"Shi za a kai wa, ran Juma'a da safe," in ji mutumin. "Ya samu ya karanta kafin rana ta yi."

Ta waiga. Goggo tana ta goge tebur, wuri ɗaya, ta ƙi ɗagowa. Nan Nubia ta tuna katunan da ta rubuta bana, da yadda wasu gawarwakin kan iso coci kwana biyu ko uku bayan katinsu. Ita duk zatonta jinkirin jana'iza ne.

Ta rubuta. Rubutunta bai taɓa yin kyau kamar na ranar ba, abin da ya fi firgita ta ke nan.

Talata ce, Evelio yana da sauran kwana uku. Motar Bogotá tana tashi kullum da tsakar rana. Mutumin ya ce a ba shi ambulan, Goggo ta duƙa tana nema. Nubia ta ɗauki littafin da Malam Evelio ya ara mata, don in an tare ta a hanya ta ce mayarwa za ta yi. Ta sulale ta ƙofar baya ta nufi gidansa, tawada bai ma bushe a yatsunta ba.