Injin Datsun a Motar Hamani

Shekarar da Nijeriya ta rufe iyaka, ruwan sama kuma ya ƙi zuwa, a shekarar ce injin motar Hamani ya mutu. Fijo ce akori-kura, ita kaɗai ce mota a ƙauyensu, can gefen Tajaye. Ita ke kai mutane kasuwar Badaguishiri, ita ke ɗaukar marasa lafiya zuwa asibitin Konni.

Wani direban motar siminti ya ja masa ita har Konni, garejin Barmo, abokinsa tun suna samari. Barmo ya buɗe injin, ya daɗe yana kallo.

"Wanga ya gama aiki," in ji shi. "Da hanyar Sakkwato na buɗe, da mun samo wani. Yanzu ko ƙusa ba ta shigowa."

A bayan garejin akwai injin wata Datsun da ta faɗa rami. Lafiyarsa lau, sai dai kolektarsa ta fashe, wato ƙarfen nan mai rassa da ke ɗaukar iska da fetur daga kafireto ya raba wa cikin inji. Ta Fijon kuwa ba abin da ya same ta. Barmo ya ɗora ta a jikin injin Datsun, ramukan suka ƙi haɗuwa.

"Za ta yi?" Hamani ya tambaya.

"Ban sani ba. Ban taɓa gwadawa ba."

Suka samo farantin ƙarfe mai kauri da zai shiga tsakani. Barmo ya shafa baƙin mai a bakin injin, ya danna takardar buhun siminti, ya fitar da zanen ramukan. Maƙeri ya huda musu, Hamani ya zauna yana gogewa da magagari har tafinsa ya yi kanta. Farantin farko ya lanƙwashe wurin walda. Na biyu ya zauna, amma iska na shiga ta gefe, injin ya yi tari ya mutu. Suka yanka kwali suka toshe, ya ƙone. Suka gwada fatar saniya, don a shekarar fata ba ta da wuyar samu, ita ma ta ƙone.

Ana cikin haka matar Hamani, Lauratu, ta zo a motar kasuwa. Ta tsaya bakin garejin, ta rame ƙwarai.

"Malam, rumbu ya ƙare," ta ce. "Rijiya sai laka. Saratu ta gidan liman ta rasu a kan amalanke za a kai ta asibiti, ba su ko kai bakin titi ba. Mutane na ta tahiya."

"Ki ƙara haƙuri. Ta kusa tashi."

Ta juya, ta koma ƙauye.

Daga baya Barmo ya samo jan ƙarfe, ya buga shi ya yi laushi, ya sa a tsakani. Injin ya tashi, yana rawa amma bai mutu ba. Barmo bai yi murna ba.

"Kada ka cika mata kaya," ya ce. "In ta yi zahi, ban san mi za ta yi ba."

Hamani ya isa ƙauye ya tarar da rabin gidajen an toshe ƙofofinsu da ƙaya. Ba wanda ke da abin kaiwa kasuwa. Waɗanda suka rage, tsofaffi da mata da yara, so suke a kai su Konni, inda aka ce ana rabon hatsi. Ya kasa hana kowa hawa. Suka cika motar, har da turmi da tabarmi.

Sun kusa Malbaza injin ya fara fito, siririn sauti kamar na buta a kan wuta. Sai ƙarfinsa ya ragu, ya mutu. Hamani ya buɗe gaba, ya ga farantin ya tsage daga rami zuwa rami.

Mutanen suka jira a inuwar motar har azahar. Daga nan suka sauke kayansu, suka ɗora a ka, suka bi gefen titi. Lauratu ta goya ƙaramar ɗiyarsu, ta tsaya tana jiran sa.

Ya rufe gaban motar, ya sa duwatsu a ƙarƙashin tayoyin, ya karɓi ƙullin kayan da ke hannunta.

Da Barmo ya samu mai jan mota ya je wurin, ya iske an kwashe tayoyin da baturi da kafireton. Hamani bai je ya gani ba. Ya samu aikin dakon albasa a tashar Galmi, can suka zauna shi da iyalinsa.