Gadon da Leandro Ya Aiko

"Ku karkata shi! Ku karkata shi mana, za ku cire min bango!"

Maƙwabcina Don Eusebio ne ke wannan faɗan daga kujerarsa ta baranda, robar iska a hancinsa, yana nuna masu kawo kaya da sandarsa. Ƙarti biyu ne, sun maƙale da gadon asibiti a bakin ƙofar da ba a yi ta don irinsa ba. Ni kuwa ina tsaye a bayan shingen waya da ya raba gidana da nasa, kwandon wanki a hannuna.

"Ofelia, zo ki ga abin da attajirin ɗana ya aiko min. Gado mai tashi da kwanciya da kansa. Saura ya aiko wanda zai mutu a madadina."

"Allah ya sawwaƙe, Don Eusebio. Wane irin baki ne wannan da rana tsaka?"

Sai da suka ciro ƙyauren sannan gadon ya shiga. Da suka gama, tsohon ya sa na ɗauko musu lemo mai sanyi a firij ɗinsa. Ya tambayi kowanne sunansa da na 'ya'yansa, ya riƙe hannayensu yana godiya har suka fara jin kunya.

Haka yake. Fiye da shekara talatin muna maƙwabtaka a garin Pueblo, a layin da ke kallon bututun masana'antar ƙarfe inda ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa Consuelo ta rasu, ba a jima ba mijina ya bi ta, tun daga nan in na ɗora tukunya nakan ƙara hannu ɗaya saboda shi. Kofin ruwa in ka miƙa masa sai ya gode maka kamar ka ba shi gida. A wannan kakar zuciyarsa ta gaji, likita ya ce a mai da shi gida a lallaɓa abin da ya rage.

Da la'asar wayata ta yi ƙara. Leandro ne, ɗansa tilo, daga can birnin Seattle inda yake aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa.

"Doña Ofelia, gadon ya iso?"

"Ya iso. Har ya hau."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce an ƙuje masa fenti."

Ya ce to, ya gode, ya kashe.

Abin ya tsaya min a rai. Kafin gadon an kawo keken guragu, an kawo na'urar iska, an kawo bargo mai ɗumi da lantarki, duk daga Leandro, kuma ban taɓa jin kalmar godiya ɗaya ta nufi Seattle ba. Washegari da na kai wa tsohon romon kaza na kasa haƙuri.

"Kai da kake gode wa mai kawo wasiƙa don ya kawo maka takardar kuɗin wuta, ɗanka ne bai cancanta ba?"

Ya ajiye cokali.

"In na gode masa zai ɗauka ya sauke nauyi. Ni gado na ce ina so?" Ya tsaya ya ja numfashi. "Dare da rana na yi a gaban wutar masana'anta don yaron nan ya yi karatu ya fita daga layin nan. Ya fita kuwa. Ban san haka fitar take da nisa ba."

"Ka kira shi ka faɗa masa mana."

"Mai kuɗi ba ya da lokaci, Ofelia. Ƙara min gishiri."

"Likita ya hana."

"Likita ba ya nan."

Daga nan jikin ya yi ta tsananta. Ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya daina shiga. Romon ma sai ya kurɓa sau biyu ya kau da kai, ya ce ya gode, ya yi daɗi. Wata rana Darlene, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba shi, ta tsayar da ni a jikin motarta, ta rage murya.

"In akwai wanda ya kamata ya zo, yanzu ne."

A nan tsaye na kira Leandro. Ya fara min maganar aiki, wai ba a ba da hutu yanzu, wai zai duba ƙarshen wata.

"Leandro, ni na goya ka ranar da uwarka ta kwanta asibiti. Kada ka yi min maganar ofis. Ubanka ba zai ga ƙarshen wata ba."

Na ji numfashinsa ya sauya. Can ya ce, "Babu ofis, Doña Ofelia."

Tun hunturun da ya wuce kamfaninsu ya rage ma'aikata, har da shi. Ya nemi wani aikin har ya gaji. Yanzu kwali yake ɗauka a wani ɗakin ajiyar kaya, ranar da bai je ba babu ko sisi. Ya bar gidan da yake haya ya koma ɗaki ɗaya. Kayan da yake aikowa, nasa yake sayarwa ɗaya bayan ɗaya yana saya.

"Don Allah kada ki faɗa masa. Duk mutanen layin nan ya gaya musu cewa ɗansa ya zama wani abu."

"Ba zan faɗa ba. Kai za ka zo ka faɗa da bakinka."

"Da wace fuska?"

"Da wadda uwarka ta haife ka da ita."

A bas ya zo. Ni na je tasha na ɗauko shi a tsohuwar motata, da ƙyar na gane shi. Ya rame, furfura ta cika masa gemu, jaka ɗaya ce a kafaɗarsa. Da muka shigo layin ya ce, "An sare bishiyar gidan su Montoya." Na ce an sare.

Don Eusebio na kishingiɗe, an ɗaga masa kan gadon yana kallon taga. Ya juyo a hankali. Ya dubi fuskar ɗansa, ya dubi takalminsa, ya daɗe a kan hannayen, waɗanda kwali ya yi wa kanta da tsaga.

"Motar Ofelia na ji ta tsaya," in ji shi. "Ina jar motar nan da ka turo min hotonta?"

Leandro ya ajiye jakarsa.

"Kana kwance a kanta, Baba."

Tsohon ya kai hannu ya shafa ƙarfen gefen gadon, ya leƙa ƙasa.

"Ashe shi ya sa yake da tayoyi."

Dariya ta kama shi, ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa har Leandro ya tallabo shi ya jingina shi a ƙirjinsa. A haka Leandro ya gaya masa komai, kansa a sunkuye, kamar yaron da ya fasa gilashin taga.

"Wawa," in ji Don Eusebio, hawaye na bin kumatunsa. "Wawan yaro. Ka ɗauka kai ka fara? Lokacin da aka taɓa sallamar mu daga masana'anta, kana aji biyar, kullum sai in ɗauki kwanon abincina in fita kamar mai zuwa aiki. Bakin kogi nake wuni, don kada ka sani."

"Na sani, Baba. Motar makarantarmu ta kan gada take bi. Ina ganinka."

Na'urar iska kaɗai ke huci a kusurwa.

"Gadon yana da daɗi," tsohon ya ce daga baya. "Bayana ya daina ciwo. Na gode, ɗana." Ya laluba ya kama wannan hannun mai kanta. "Na gode da ka zo. Ofelia, yaron nan yunwa yake ji, ba kya gani?"

Na tafi na ɗumama wake da gurasar masara, na tsaya a kicin na yi kukana.

Kwanakin da suka biyo baya Leandro ne ya karɓi komai. Darlene ta koya masa yadda ake juya mara lafiya, da yadda ake jiƙa masa leɓe. Shi yake yi masa aski, uban yana mita wai hannunsa ya yi nauyi. Wani lokaci in na shigo sai in tarar ba sa ko magana, rediyo na waƙa ƙasa-ƙasa, ɗan yana zaune a gefen gado yana matsa wa uban ƙafa. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya shafa wa tsohon man addu'a, tsohon ya gode wa Fada, ya kuma ce masa wa'azinsa na yin tsawo.

Ranar Talata da hantsi Don Eusebio ya cika. Na shigo da kofi biyu na tarar Leandro riƙe da hannunsa, carbin Consuelo a tsakanin yatsunsu. Numfashin yana zuwa, ya tsaya, ya sake zuwa. Sai wani ya tafi bai dawo ba. Muka jira. Leandro ya tashi ya kashe na'urar iska, ya zare robar daga hancin ubansa, ya gyara masa gashi da tafin hannu.

Bayan jana'iza, da mutane suka watse, wata tsohuwar akori-kura ta tsaya a ƙofar gidan. Manomin da ke kawo wa Don Eusebio gasasshen koren barkono duk kaka ne, bai ji labari ba. Da muka gaya masa ya cire hularsa, sannan ya sauke buhun barkonon a baranda ya tafi.

Buhun da zafinsa. In ba a ɓare shi a ranar ba zai lalace. Na kawo babban kwano, muka zauna a matattakalar ƙofar baya, Leandro bai ko cire rigar makoki ba, ya dai naɗe hannunta. Rana ta yi ƙasa, sanyi ya fara sauka daga duwatsu. Yana ɓarewa a hankali, baƙin ɓawon na manne masa a yatsu, tururi na tashi daga bakin buhun.