Sha Huɗu ga Sha'aban

Wallahi ba don ciki ɗaya munka fito da Hayatu ba, da ranar nan na fasa mai kwamfutarsa a ka. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Innarmu idonta na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama ne ya rage, shi ma yanar ido ta fara rufe shi, sai ta kai abu bakin hanci kafin ta gane shi. Akwai wani asibitin ido bayan Gawon Nama da ke kawo baƙin likitoci sau ɗaya a shekara, su cire yana kyauta, kowa da ranar da anka ba shi. Bara munka nema, ba mu samu ba. Bana sunan Inna ya fito, kuma likitan da ya duba ta ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa idon ba ya son jira.

To shi Hayatu, ƙanena, shi ke yi wa asibitin aikin kwamfuta. Da can takarda ake ba mutum, a rubuta mai ranarsa. Shi ya ce wannan tsohon yayi ne. Ya ƙera wani ɗan akwati a shafin asibitin na intanet, a turo maka ta waya, ka taɓa, ranarka ta fito. Ya ishe mu da labarinsa, har a kan tuwo. Wai masu tsara ƙa'idar irin waɗannan akwatuna sun ba da dama ɗan shirin kwamfutar da ya rubuta ya tambayi waya da kanta wane harshe anka saita ta da shi, wace ƙasa kuma, sai ya nuna wa kowa rana da irin tsarinsa.

Na ce, "Kai Hayatu, mi zai hana ka tambayi mutum? Bakinsa ciwo yake?"

Ya yi mani dariyar nan tasa ta masu boko. "Yaya Wasila ke nan. Ai waya ta san mai ita."

Ta san mai ita! Wayar Inna tsarabar Makka ce, Kawu Jelani ya kawo mata. Yadda mai shago ya saita ta can, da Larabci, ƙasar Saudiyya, haka take har gobe. Wa zai taɓa? Rabin tsofaffin Ƙofar Taramniya irinta ke hannunsu, saura kuwa duk abin da mai gyaran waya ya danna musu shi ke nan.

Hayatu ya tafi Abuja taro, zai nuna wa manya akwatin nasa. Na buga mai na ce yaushe ne aikin Inna. Ya ce, "Yana cikin wayarta, ina sauri," ya kashe.

Inna ta taɓa, ta kai wayar bakin hanci, sai ga ta tana murmushi. Ba ta karanta boko, amma ta yi allo, ta san lambobin Larabci da sunayen watanni. Ta ce, "Sha huɗu ga Sha'aban. Allah ya yi wa yaron nan albarka, da irin rubutunmu ya rubuto mani." Sunan rana babu, wai akwatin ƙarami ne, ba wuri. Mu kuwa a garin nan ba ma tambayar kowa kwanan wata. An sanar da ganin wata, mun ji a rediyo, an faɗa a masallaci. Munka lissafa, ta faɗa Alhamis.

Alhamis da safe na sa Inna a keke napep, ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zuwa suna. Munka isa, ana naɗe rumfa. Ma'aikaciyar da ke ƙofa ta ce, "Hajiya, ai jiya anka gama. An yi ta kiran sunanta. Likitocin sun wuce."

Ba mu kaɗai ba. Tsofaffi na zaune kan benci, kowa da ɗan rakiya, kowa riƙe da waya. Wani dattijo daga ƙauye, wanda ya bar gonar shinkafarsa ya kwana a hanya, sai cewa yake, "Sha huɗu anka ce, yau kuma sha huɗu." Gaskiyarsa. Lissafin Saudiyya ne ke gabanmu da kwana ɗaya a watan nan, wayar kuma da nasu ta yi aiki. Na yi faɗa a wurin har muryata ta dishe, amma wa zan kama? Yarinyar da ke ƙofa ba ita ta yi ba.

Hayatu ya dawo, na tare shi a ɗakin Inna tun bai aje jaka ba. Ya cire babbar riga ya rataye a ƙusa, ya buɗe kwamfuta, ya fara yi mani bayani. Wai shirin bai yi kuskure ba, abin da wayar ta faɗa shi ya bi.

Na ce, "Rufa mani baki! Kai a Saudiyya anka yanke maka cibiya? Ba a gidan nan kake jiran sanarwa kafin ka ɗau azumi ba? Ka amince da saitin wani mai shago da bai taɓa ganin uwarka ba, ita kuma tana zaune gabanka ba ka tambaye ta ba!"

Ya ce zai gyara, zai sa maɓalli mutum ya zaɓa da kansa, zai ƙara sunan rana.

"Gyara mana! Idon ma da maɓalli za ka gyara shi?"

Ya zame daga kujera ya durƙusa a gefen gadon Inna, hawaye na zuba, ko kukan ma ba ya fita. Ban ji tausayinsa ba, ko kaɗan.

Sai Inna ta ce, "Wasila, ya isa hakanan." Ta juya ta fuskanci rigar da ke rataye a bango, ta miƙa mata hannu, ta sassauta murya. "Hayatu, zo nan. Kada ka biye wa yayarka. Mi kake yi a tsaye tun ɗazu, ba ka gaji ba?"